Bututu ya ƙi haɗuwa da durom a zanen kwamfuta, ina matsalar take?

Ɗan_Argungu ya rubuta:

Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin zanen injiniya ku agaza min. Ina haɗa ma kawuna saikulon na injin casar shinkafa, wanda zai riƙa raba buntu da iska, don maƙwabta sun fara ƙorafin ƙura. Durom ɗin faɗinshi milimita 600, rediyos 300 kenan, bututun da ke kawo iska daga fanka kuma faɗinshi 150, rediyos 75. To kun san saikulon ba ta tsakiya bututu ke shiga ba, ta gefe yake shiga yana shafar bangon durom don iskar ta riƙa juyawa ciki, shi ya sa na matsar da tsakiyar bututu 225 daga tsakiyar durom, 225 a tara da 75 ya ba da 300 cif cif.

Abin da ke ɗaure min kai, in na aje bututun a tsakiya na ce ma manhajar ta huda durom ɗin, nan take take yi, ko na matsar da shi zuwa 100 ko 200 lafiya lau. Amma da na kai 225 sai abu ya rikice, wani sa'in ta ce ba ta iya ba, wani sa'in ta yi amma sai in ga wata 'yar tsaga siririya a wurin da sunka haɗu, wani sa'in ma rabin durom ɗin ya ɓace gaba ɗai. Ni kuma abin da nake so shi ne in samu layin da bututu da durom sunka haɗu, in baje shi, in buga a takarda in kai ma mai walda ya yanka. Laftof ɗina tsohuwa ce, ram ɗinta 4 ne kacal, ko ita ce matsalar? Ko in nemi wata manhaja?

Baba_MaiWalda_Jega ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Yaro mi ya kai ka wahalar ga? Mu tun kahin a san wata kwamhuta muna yanka bakin bututu. Ka samu kwali, ka naɗe bututun da shi, ka raba zagayen kashi 12, ka ja layuka, ka auna kowane layi daga jikin durom ka sa alama, ka haɗa alamomin da hensir. Abin da ya rage giranda ta gyara, wanda giranda ba ta gyara ba walda ta cike. Kuma ni in ni ne ba ni sa bututu zagayayye a bakin saikulon, mai kusurwa huɗu nike yi, shi ya hi sauƙin yanka kuma iska ta hi kwanciya ga bango.

Irin wanga da kake son yi na san shi, harshen bututun kwanciya yake saman durom awa an liƙa takarda, in ba ka rage wuta ba hudewa za ya yi.

MalamaLissafi ta rubuta:

Ɗan_Argungu, laftof ɗinka ba ta da laifi, ka bar baiwar Allah ta huta. Ko ka samu kwamfutar da ta fi kowace ƙarfi a Birnin Kebbi abin da za ka gani ke nan, domin lambar da ka zaɓa, 225, ita ce lamba guda ɗaya tak a duk faɗin durom ɗin da tambayar kanta ke tsaye a kan siraɗi.

Bari in nuna maka. Ka ɗauka bututun ya ratsa durom ya fita ta ɗaya gefen. In nisan tsakiyarshi bai kai 225 ba, a ce 220, mahaɗarsu zobe biyu ne daban daban, ɗaya inda ya shiga ɗaya inda ya fita. In ya wuce 225, a ce 230, wani ɓangaren bututun ya leƙo waje, sai zoben biyu su narke su koma zobe ɗaya dogo. A 225 daidai kuwa zoben biyu suna taɓa juna a ɗigo ɗaya, layin ya zama kamar lamba 8. To manhaja dole ta yanke hukunci wanne ne daga cikin ukun nan, kuma kwamfuta ba ta riƙe lamba cif, tana riƙe kusan lambobi 15 zuwa 16 ne sauran ta yar. Kuskuren da bai kai a kira shi kuskure ba shi zai sa ta ce zobe biyu ne yanzu, anjima ta ce ɗaya ne. Tsagar da kake gani daga nan take.

Ga lissafin, ba shi da wuya. Ka zagaya bututun da kusurwa θ, ka fara daga wurin da yake shafar bango. Nisan kowane wuri daga tsakiyar durom ta gefe shi ne y = 225 + 75cosθ, inda ya taɓa bangon durom kuma x = √(300² − y²). Ka lura da abin da ke faruwa kusa da y = 300. In ka janyo bututun ciki da milimita 1 kacal, x ya zama √599, kusan milimita 24.5. In ka janyo shi da 0.001, abin da ido ba ya gani, x ya zama kusan 0.77. Wato ƙaramin motsi a bututu, babban motsi a layin. A tsakiyar durom ba haka abin yake ba, ka matsa 1 layin ya matsa abin da bai fi haka ba. Wannan halin na lissafin ne ba na manhaja ba.

Kuma tunda Baba ya ambaci kashi 12, ga su nan na buga maka, ba ka buƙatar manhajar ma. Zagayen bututu 471.2, kowane kashi 39.3. Darajar x a digiri 0, 30, 60, 90, 120, 150, 180 ita ce 0, 77.0, 145.2, 198.4, 234.2, 253.7, 259.8, ɗaya rabin kuma ka maimaita su a juye. Wato harshen bututun ya fi gajeren gefen tsawo da kusan 260. Hudar jikin durom in an baje ta tsawonta 314 ne a kwance, 150 a tsaye, gefe ɗaya zagayayye ɗaya gefen mai tsini, kusurwar tsinin kusan digiri 53.

Baba, hanyar nan taku ta kwali ai ita ce ake koya wa yara a darasin zanen fasaha na sakandare, har a jarrabawar WAEC tana fitowa. Wani Bafaranshe Gaspard Monge ne ya tsara ta ta zama ilimi, ya koyar da ita a Faris a 1795.

Baba_MaiWalda_Jega ya rubuta:

To madalla Malama, ashe mu ma 'yan boko ne ba mu sani ba. Allah shi ƙara basira. Amma lambobin ga naki na bayan bututu ne ko na cikinai? Don ƙarhe na da kauri.

Injiniya_Gusau ya rubuta:

Malama ta gama magana ta fuskar lissafi, ni bari in shiga cikin injin in faɗi abin da manhajar ke yi a ɓoye lokacin da ka danna a huda, don na taɓa wahala da irin wannan a aikin rubuta furogiram kuma mutane da yawa suna zaton kwamfuta tana da wata fomula da take zaro layin da ita cif. Ba ta da ita, sai a 'yan wurare kaɗan.

Shimfiɗaɗɗiyar fuska ta yanki silinda, wannan an san amsarshi, ko da'ira ko elifs (da'ira mai tsawo ta gefe ɗaya) ko miƙaƙƙun layuka. Silinda biyu masu faɗi ɗaya da tsakiyarsu ta gitta juna, shi ma an sani, elifs biyu ne. Amma da faɗin ya bambanta sai layin ya tashi daga shimfiɗa ya zama mai daraja 4 (wato fawa mafi girma a ikweshan ɗinshi 4 ce), domin akwai ƙa'idar Bézout da ta ce darajar mahaɗa ita ce darajar wannan fuska sau darajar waccan, silinda 2 ce, 2 sau 2. Ko wannan mai sauƙin sai da ya ci wa mutane tuwo a ƙwarya, Joshua Levin ya fitar da hanyarshi ta fuskoki masu daraja 2 a 1976, kuma sai bayan shekarar 2000 wasu masu bincike a Nancy ta Faransa suka kawo hanyar da ke rarrabe duk yanayoyin ba tare da ta rikice ba. To yanzu ka ɗauko irin fuskar da ake zana jikin mota ko fiffiken jirgi da ita, wadda ke da daraja 3 ta kowane gefe. In ka mayar da ita ikweshan guda darajarta 18 ce. Biyu su haɗu, 18 sau 18, layi mai daraja 324. Babu manhajar da za ta riƙe wannan yadda yake, dole kintace za a yi.

Yadda ake kintacen: kowane wuri a fuska ta farko ana nuna shi da lamba biyu, u da v, a ta biyu kuma s da t. Ana son x, y, z nasu su zo ɗaya. Ikweshan uku kenan, abubuwan da ba a sani ba huɗu, saura ɗaya a sake, shi ya sa amsar layi ce ba ɗigo ba. Sai manhaja ta nemo wuri ɗaya da ke kan layin, ta tambayi kanta ina zan nufa. A kowane wuri kowace fuska tana da kibiyarta da ke tsaye cak a kanta, kuma layin mahaɗa dole ya yi digiri 90 da kibiyoyin biyu duka, to in kibiyoyin suna kallon wurare daban alƙibla ɗaya ce tak ta cika wannan sharaɗi. Ta yi ɗan taki ta wannan alƙiblar, ta ɗan sauka daga layin, ta yi amfani da hanyar Newton (lissafin da ke maimaita gyara kintace har ya matso amsa) ta dawo kai, ta sake taki, haka haka har ta zagayo inda ta fara ko ta kai bakin fuska. Daga ƙarshe ta ratsa ɗigogin da lanƙwasasshen layi mai santsi ta ce maka ga mahaɗa.

Yanzu ka duba naka. A wurin da bututu ke shafar bango kibiyoyin biyu sun kwanta a layi ɗaya, alƙiblar da ake lissafowa ta zama sifili, Newton ma ya fara rarrafe. Kamar mai bin sawu ne da dare ya iso mararraba fitila ta mutu, hanya huɗu a gabanshi, ko ya tsaya ko ya tsallaka kan wata da ba ita ba. In ya tsaya shi ne ta ce maka ba ta iya ba. In ya tsallaka shi ne rabin durom ke ɓacewa, saboda layin da ya kamata ya raba ciki da waje bai rufe daidai ba, manhaja ta zubar da ɓangaren da ya kamata ta ajiye.

Neman wurin farawa ma wani aiki ne mai zaman kanshi, kuma a ganina ya fi bin layin wuya. Ana daddatsa fuskokin ƙanana ƙanana, kowane yanki a sa shi cikin akwati, in akwatin wannan bai taɓa na waccan ba a watsar da su, waɗanda suka taɓa a ƙara datsawa. Dabarar datsawar ta Paul de Casteljau ce da ya yi a kamfanin Citroën a 1959, Pierre Bézier kuma yana nashi a Renault, kuma abin da ya sa take aiki shi ne fuskar ba ta taɓa fita daga kewayen ɗigogin da ke sarrafa ta. Abin tsoro shi ne ɗan ƙaramin zobe da ke ɓoye a tsakiyar yanki bai taɓa gefe ba, ana iya wuce shi ba a sani ba. Maganin da aka samo: in akwai rufaffen zobe to dole akwai wani wuri a wannan yanki da wani a wancan da kibiyoyinsu suka yi daidai da juna, don haka ana ci gaba da datsawa har sai an tabbatar kibiyoyin ba za su iya daidaituwa ba. Ka ga a wurin shafa wannan sharaɗin ba zai taɓa cika ba komai datsawa, sai manhaja ta gaji ta tsaya a iyakar da aka sa mata.

Iyakar nan ita ce tolarans. OpenCASCADE, injin lissafin da ke ƙarƙashin manhajar zane ta FreeCAD, tana ɗaukar ɗigo biyu a matsayin ɗaya in tazararsu ba ta kai 0.0000001 na milimita ba. Parasolid da ke ƙarƙashin SolidWorks da NX tata 0.00000001 na mita ce, kuma zanenka dole ya zauna cikin akwatin kilomita ɗaya. Ka sa 0.0000001 cikin fomular Malama, za ka ga layin na iya yin yawo har kusan milimita 0.008, wato kuskuren ya ninka sau dubu saba'in da wani abu. Ga shi kuma layin ba sau ɗaya ake ajiye shi ba, sau uku ne, ɗaya a sarari, ɗaya a u da v na fuskar farko, ɗaya a s da t na ta biyu, kuma ukun nan ba su taɓa zama abu ɗaya cif. Shi ya sa in an tura maka fayil ɗin STEP (irin wanda ake musayar zane da shi) daga wata manhaja mai wani tolarans daban sai ka ga ƙofofi sun buɗe a wuraren da can a rufe suke. A 1999 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da rahoto cewa matsalar musayar bayanan zane tana ci wa masana'antar motocinsu aƙalla dala biliyan 1 a shekara, ba duka ne daga mahaɗa ba amma gyaran irin ƙofofin nan na ciki.

Shawarata ƙanena, ka mayar da 225 zuwa 220. Shi ke nan. Kibiyoyin sun rabu, wurin tsinin ya koma zagayayye, x ɗin farko ya zama 54.5 maimakon sifili. Kuma kada ƙarshen bututun ya tsaya daidai kan layin tsakiyar durom, ka bar shi ya zarce ciki sosai kafin ka huda, daga baya ka yanke rarar.

AbuMafara ya rubuta:

Injiniya ban yarda da kai ba gaba ɗai. Wato mutum ya canza injinshi don manhaja ta ji daɗi? Ai wannan an juya abu, kayan aiki ne ya kamata su bi mai aiki. In shafar bango ake so a yi shafar bango. Kuma akwai manhajojin da ke da wurin da za ka ɗaga tolarans ɗin huda, ka ce mata duk abin da bai kai kaza ba ki ɗauke shi abu ɗaya ne, me ya hana ya gwada wannan?

Sannan ina goyon bayan Baba kan baki mai kusurwa huɗu. Sanannun tsare-tsaren saikulon haka suke, na Lapple tsawon bakin rabin faɗin durom ne faɗinshi kuma kashi ɗaya cikin huɗu, na Stairmand rabi da kashi ɗaya cikin biyar. A durom 600 na Lapple zai ba ka 300 da 150.

Injiniya_Gusau ya rubuta:

AbuMafara, ɗaga tolarans yana aiki wani lokaci, ban musa ba, amma ka san abin da ka saya, ka ba manhaja izinin haɗe duk abubuwan da ke kusa da juna a wannan aikin, har waɗanda ba ka so a haɗe, kuma gefen da aka samu ta haka yana ɗauke da ƙaton tolarans ɗinshi zuwa duk aikin da zai biyo baya, ranar da ka zo zagaye bakin ko ba shi kauri sai ya tashi maka. Maganar canza inji kuma, milimita 5 a durom ɗin da za a naɗe da hannu a yi walda? Durom ɗin kanshi ba zai fito da'ira cif da bai kauce da 5 ba. Buntu ba zai lura ba.

Baki mai kusurwa huɗu a hannu ya fi sauƙi, gaskiyarku. Sai dai a kwamfuta bai tsere wa matsalar ba, bangon wajen bakin shimfiɗaɗɗe ne kuma yana shafar durom ba a ɗigo ɗaya ba, a layi guda tun daga sama har ƙasa. Sau da yawa wannan yana wucewa saboda shimfiɗa da silinda suna cikin waɗanda aka san amsarsu, amma in ya ƙi, mafita ita ce ka zana siffar daga sama a shimfiɗe, da'ira da miƙaƙƙen layin da ke shafarta, ka ja ta tsaye. Ka ga ba ka tambayi manhaja ta nemo mahaɗa ba sam, kai ka ba ta.

MalamaLissafi ta rubuta:

Baba ka yi haƙuri sai yanzu na ga tambayarka. Lambobin na fuska marar kauri ne. Tunda kwali a bayan bututu kake naɗawa, zagayen da za ka raba 12 na bayan ne, R kuma, wato rediyos ɗin durom (300 a fomular), ka ɗauki na bayan durom tunda a kanshi bututu zai zauna. Hudar durom ita kuma da rediyos ɗin cikin bututu za a lissafa ta, in ba haka ba ta yi yawa bututu ya faɗa ciki. In ƙarfen milimita 2 ne bambancin ba yawa a gajeren gefe, amma a wajen harshen zai fito sosai saboda sukwaya rut ɗin nan da na nuna.

Ɗan_Argungu ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Malama, Injiniya, Baba, AbuMafara duk na gode. Na sa 220 ta huda nan take, laftof ɗin ko tari ba ta yi ba. Na zuba fomular Malama a Excel da 220 ɗin, kashi 24 na yi maimakon 12 don wajen harshen ya fi fita, kuma lambobin sun yi daidai da abin da na auna a zanen. Kawu dai ya ce bututu zagayayye gare shi a aje ba zai sayi wani ƙarfe ba, don haka mai kusurwa huɗu sai wani jiƙon.

Saura tambaya ɗaya, ƙasan saikulon ɗin mazurari ne, kuma ina son in sa ɗan bututun duba toshewa a jikinshi a karkace. Fomular nan za ta yi ko sai an sake wata?

MalamaLissafi ta rubuta:

Ba za ta yi ba yadda take, don a mazurari R ba ya tsaye, yana raguwa da tsawo. Amma hanyar ɗaya ce, kowane layi na jikin bututu miƙaƙƙe ne, ka sa shi cikin ikweshan na mazurari ya ba ka kwadiratik, ka ɗauki amsar da ke gefenka. Turo min faɗin sama, faɗin ƙasa, tsawon mazurarin, faɗin ɗan bututun, tsayin da zai shiga da kusurwar karkacewar. Kuma ka tabbata tsakiyar bututun ta nufi tsakiyar mazurarin.